GANI YA KORI JI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata ziyara da na yi a birnin Sakkwato, wadda ta jawo mini magana a majalisarmu ta nan Illela, har yau ba ta ƙare ba. Na ga ya fi kyau in shimfiɗa al'amarin a gaban malamai da akawuna da malaman makaranta, kowa ya auna da hankalinsa, gama abin da ya shafi zaman jama'a bai kamata a bar shi a bakin masu hira kaɗai ba.

Mu mutanen Illela ba baƙi ba ne a Sakkwato. Tsakaninmu da birni kamar mil 50 ne, ta Gwadabawa da Kware, kuma da wuya mako ya wuce ba wani daga cikinmu ya je asibiti, ko kasuwa, ko ofis. Mun san Hubbaren Shehu, mun san ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Amma akwai wani gini a kan hanyar Ahmadu Bello wanda mu ke wucewa ta gabansa kullum, watau babbar majami'ar Katolika da su ke kira Holy Family. Kowa ya san katangarta, amma a cikin abokan hirata ban sami ko mutum ɗaya da ya taɓa ganin cikinta ba. Duk da haka, in aka ta da maganarta sai ka ji kowa yana ba da labari kamar a can aka yanke masa cibiya. Wani ya ce akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wani ya ce ba Musulmin da zai shiga ya fito da imaninsa.

Ni dai Musulmi ne ɗan Musulmi. Bayan makarantar allo mahaifina ya sa ni makarantar mishan, a can na koyi boko da lissafin da na ke ci da su yau, kuma na fito da sallata yadda na shiga da ita. Sabo da haka irin waɗannan labarai ba su shiga kaina. Ga shi kuma a garin iyaka mu ke, inda ran Lahadi kasuwa ta kan tara Bahaushe da Ba'adare da Buzu da Bayarabe da Ibo, kuma cikin waɗanda na ke aiki da su akwai 'yan Katolika. Sai na ce, zuwa da kai ya fi saƙo. Da na sami hutu na shirya, na nufi birni musamman don yawon buɗe ido.

Na zaɓi ran Talata, domin ran Lahadi ranar sujadarsu ce, baƙon da ya zo kallo kuwa bai kamata ya tsaya a kan masu ibada ba. Na fara da Hubbare, na yi wa Shehu da jama'arsa addu'a, sa'an nan wajen hantsi na isa ƙofar majami'ar. Mai gadi ya tambaye ni abin da ke tafe da ni, na gaya masa gaskiya, ya duba jakata, ya shiga ya kirawo wani dattijo wanda su ke ce wa katikis, watau mai koya wa yara da sababbin shiga ka'idodin addininsu. Dattijon ya gaishe ni da Hausa tsantsa, ya tambayi gida da iyali da mutanen Illela, ya ce, "Malam, bismilla, ai ɗakin Allah ba a hana baƙo."

A bakin ƙofa na sunkuya zan tuɓe takalmi, sai ya yi murmushi ya ce in bar su. A wurinsu namiji hularsa ya kan cire, takalmi kuwa da shi a ke shiga. Na ce, "Baba, mu kuwa takalmi mu ke cirewa mu bar hula." Ya ce to, kowa da irin ladabinsa, in na ga dama in bar tawa, ba wanda zai ce mini kome. Na cire na riƙe a hannu, gama idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka, muddin abin bai taɓa addininka ba. Wannan ɗan abu ya tsaya mini a rai ƙwarai. Da Bature ya shigo masallacinmu da takalmi, kansa a buɗe, da mun ce ya raina mu, alhali a ganinsa ya gama girmamawa.

Ga abin da idona ya gani a ciki. Kusa da ƙofa akwai ɗan mazubin ruwa, wanda su kan tsoma yatsu a ciki su shafa a goshi da ƙirji da kafaɗu, don tunawa da wankan shiga addininsu. Ni ban taɓa ba, shi kuma bai ce in taɓa ba. Daga nan sai bencina jere sahu sahu, da wurin durƙusawa. A jikin bango akwai hotuna 14, waɗanda ke nuna labarin da su ke bayarwa na wahalar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga wurin shari'a har zuwa kabari. Su kan bi su ɗaya ɗaya suna addu'a, musamman ran Jumma'a cikin azuminsu na kwana 40. Can gaba akwai bagadi, watau teburin da Fada ke tsayawa, da gicciye, da wata 'yar fitila da ba a bari ta mutu dare da rana.

Sa'an nan ya nuna mini kujerar Bishop, ya ce sabo da ita ne ginin ya sami sunansa. Kalmar katidira daga harshen Yunanawa ta fito, ma'anarta kujera. Ko majami'a ta kai girman kasuwa, in ba kujerar Bishop a ciki, ba a kiranta da wannan suna, kamar yadda gari ba ya zama birnin sarki sai da karaga. Na yi shekaru ina jin kalmar a makaranta, sai ran nan na san asalinta.

A wani gefe na ga wata tsohuwa durƙushe ita kaɗai, da tazbaha a hannu, leɓunanta suna motsi, ba ta ko ɗaga kai ta dube mu ba. Dattijon ya ce tasu tazbaha goma goma ce sau biyar, kuma suna da al'adar yin wata addu'a sau uku a yini, da safe da tsakar rana da maraice. Na ce masa tamu 99 ce, ko 33. Muka yi ƙasa da murya har muka wuce ta.

Kada mai karatu ya zaci duk abin da na gani ya kwanta mini. Da muka zo wurin siffar Nana Maryamu, na gaya masa a fili cewa addinina bai yarda da sassaƙa siffar annabawa da salihai ba, kuma mu Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Ya saurara har na gama. Ya ce su ba su bauta wa siffar, suna ajiye ta ne don tunawa, kamar yadda mutum kan ajiye hoton mahaifiyarsa, amma game da Isa abin da su ka gaskata dabam ne da namu, kuma ba zai ɓoye mini ba. Na kawo maganarsa yadda ya faɗa, domin adalci ne a faɗi abin da mutum ya ce da bakinsa, ko ba a yarda da shi ba. Na gaya masa akwai sura guda a Alƙur'ani, ta 19, mai sunan Maryamu, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambata da sunanta a cikinsa. Ya ce ya sani, maƙwabcinsa ya taɓa fassara masa ita. Bai ja ni ba, ban ja shi ba, muka rabu a kan haka.

Ginin kansa ba tsoho ba ne in an gwada shi da Hubbare, gama Shehu Usmanu ya rasu tun 1817. Amma labarin da ke bayansa yana da tsawo, ya kuwa kamata 'yan makaranta su san shi. Tun 1711 waɗansu limaman Katolika biyu su ka ƙetaro Sahara daga Tarabulus ta Agadas, su ka iso Katsina, a can ajalinsu ya same su. A 1824 Bature Clapperton ya zo Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi Clapperton da kansa ya rubuta cewa Bello ya yi ta tambayarsa game da ɗariƙun Nasara, har ya tambaye shi ko su 'yan Nasɗuriyya ne, kuma tambayoyin su ka yi zurfi har baƙon ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai nan ba. Ku duba fa, ɗan Shehu ne wannan, mai takobi da alƙalami, ya san rabe-raben addinin baƙonsa fiye da baƙon. Sanin nan bai rage masa kome ba. Wa zai ce yau ya fi Bello kishin Musulunci?

A 1953 ne Paparoma ya yanke ƙasar Sakkwato ya danƙa wa limaman ɗariƙar Dominikan, mutanen Amurka, a 1964 kuma aka ɗaga ta ta zama cikakken yanki mai Bishop. Na fari shi ne Edward Lawton, wanda ya rasu a 1966, sai Michael Dempsey daga 1967, sai Kevin Aje a 1984, shi ne ɗan ƙasa na fari da ya hau wannan kujera, sai Matthew Hassan Kukah a 2011. Cikin limaman nan na Amurka akwai wani Fada Joseph Kenny, wanda ya koyi Larabci da Hausa, ya yi digirinsa na dakta a kan tauhidin Shehu Muhammadu Sanusi, mai Ummul Barahina da almajiranmu ke karantawa a zaure. Su sun zauna sun karanta littattafanmu. A 2023 aka cire Katsina daga yankin Sakkwato, aka naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, Bahaushe. Littafinsu kuwa an gama juya shi da Hausa tun 1932, kuma in suna sujada da Hausa, Allah su ke cewa, Ubangiji su ke cewa. Ashe mutanen da ke cikin katangar nan ba duka ne baƙi ba, da yawansu tuwon dawa ya rene su kamar mu.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da muka fito waje na tsaya ina duban tagogi, sai na tuna da abin da ya faru a watan Mayu na 2022. Ran 12 ga wata aka kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bisa zargin ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. Bayan kwana biyu tarzoma ta tashi a gari, waɗansu samari su ka far wa wannan majami'a su ka farfasa gilasan tagoginta, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka ma sun ga irin wannan a watan Janairu na 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u fiye da 40 a Nijar, a Damagaram da Yamai da waɗansu garuruwa, sabo da zanen da wata jarida ta buga a Faransa, aka kuma rasa rayuka. Ban tambayi dattijon labarin ran nan ba, shi ma bai ta da shi ba. Amma na tambayi kaina, tsohuwar nan mai tazbaha, me ta sani game da jaridar Faransa? Cikin samarin da su ka ɗauki dutse, mutum nawa ne ya taɓa shiga ya gaisa da wanda ke ciki? Dutse ya fi saurin barin hannu in ba ka san fuskar wanda ke bayan taga ba.

Malamai sun fi ni sani, amma ɗan abin da na karanta a gabansu ya nuna mini magabata ba haka su ka yi ba. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta jera ɗakunan ibada na ruhubanawa da na Nasara da na Yahudu tare da masallatai, cikin abubuwan da Allah ke karewa daga rushewa. Sa'ad da Kuraishawa su ka matsa wa Musulmin farko, wurin Najjashi sarkin Habasha aka tura su, Kirista ne a lokacin, kuma Suratu Maryam ce Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya karanta a gabansa. Ma'abuta sira sun ruwaito cewa da Nasaran Najran su ka zo Madina, lokacin ibadarsu ya yi, aka bar su su ka yi ta a cikin masallaci. Masu tarihi kuma sun ce da Sayyidina Umaru ya karɓi Ƙudus, babban limamin Nasara ya yi masa tayin ya yi salla cikin majami'arsu, ya ƙi, ya fita waje ya yi, don kada Musulmin baya su ce Umaru ya yi salla a nan su karɓe ta. Har yau akwai masallaci mai sunansa daura da majami'ar.

Ba zan ɓoye hujjar waɗanda su ka soki tafiyata ba, gama cikinsu akwai dattawan da na ke jin kunya. Sun ce an ruwaito daga shi Sayyidina Umaru ɗin cewa ya ƙi shiga wata majami'a a Sham sabo da siffofin da ke ciki. Gaskiya ne, an ruwaito, kuma malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan mas'alar, waɗansu sun halatta shiga, waɗansu sun karhanta inda akwai siffofi. Ni ba mai fatawa ba ne, na bar wa masu ita. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, kada ya shiga, ban ga laifinsa ba. Abin da na ke cewa shi ne, Umarun da ya ƙi shiga shi ne ya rubuta wa mutanen Ƙudus alkawarin aminci ga rayukansu da dukiyarsu da majami'unsu. Wanda ya ɗauki rabin farko na halinsa, lalle ya ɗauki rabi na biyu. Wani kuma ya ce mini, mai zuwa kallo yau shi ne mai zuwa sujada gobe. Na ce masa imanin da kallon benci da fitila zai kayar, tun a gida ya ke da rauni, maganinsa kuwa ƙarin karatu.

A waɗansu ƙasashe irin wannan ziyara ba abin magana ba ce. A birnin Ƙurɗuba na Andalus akwai masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, mai ginshiƙai fiye da 800, wanda aka mayar babbar majami'a a 1236. A Istambul akwai Aya Sofiya, an gama ta tana majami'a a 537, ta zama masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi a zamanin Ataturk, ta koma masallaci a 2020. Dukansu biyu takobi ne ya sauya musu masu su, kuma har yanzu kowane gefe yana jin zafin abin da ya rasa. Duk da haka Musulmi da Kirista suna bin layi ɗaya su shiga su ga aikin magina. A 2001 Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya taɓa zuwa Kaduna a 1982, ya tuɓe takalmi ya shiga masallacin Banu Umayya na Dimashƙa. Tamu majami'ar ta Sakkwato ba a ƙwace ta daga hannun kowa ba, ba ta kuwa ƙwace wurin kowa ba, sabo da haka namu ya fi nasu sauƙin gyara, in mun so.

Ga shawarata ga wanda ya yi niyyar zuwa. Ya nemi izini a ƙofa, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, kada ya ji haushi in an duba kayansa, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya je a ranar da ba ta sujada ba. Ya sa tufafin mutunci, ya yi ƙasa da murya, kada ya hau wurin bagadi, kada ya ɗauki hoto sai ya tambaya. Abin da ya ke na ibadarsu, kamar ruwan ƙofa da durƙuso da gurasar da su ke karɓa, ya bar musu, su ma ba su son wanda ba nasu ba ya karɓi gurasar. In yana da tambaya ya yi ta da ladabi, in an tambaye shi nasa addini ya faɗi gaskiya ba tare da zagi ba.

Ina kuma roƙon malaman makaranta, na boko da na Islamiyya, su sa wannan tarihi cikin abin da su ke gaya wa yara, har da labarin Bello da baƙonsa. 'Yan'uwanmu Kirista kuwa, ina kiransu su ma su rama ziyara. Da yawansu an haife su a Sakkwato, sun tsufa a ciki, ba su taɓa taka gidan tarihi na Waziri Junaidu ba, ba su san ko Nana Asma'u wace ce ba, kuma su ma suna da nasu labaran ƙanzon kurege game da abin da a ke yi a zaurukanmu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun nan ya rufe gefe biyu. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Bishop Kukah sun zauna a kwamiti ɗaya na neman zaman lafiya a ƙasa. In manya sun iya zama tare, me zai hana akawu da katikis?

In akwai malamin da ya ga kuskure cikin abin da na kawo na sira ko na fiƙihu, ina roƙonsa ya amsa ta wannan fili, domin jama'a su ƙaru. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ja zamanin Sarkin Musulmi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Illela, Jihar Sakkwato.